Yadda Ƙwararru Ke Tantance Tambayoyin Jarrabawar Likitanci, da Iyakar Abin da Ittifaƙinsu Ke Tabbatarwa

Tambayar jarrabawar likitanci aba ce ƙarama a ido. 'Yan layuka ne da ke bayyana halin wani mara lafiya, shekarunsa da abin da ya kawo shi asibiti da sakamakon gwaje-gwajensa, sai jimla guda da ke neman a faɗi cutar ko matakin da ya dace a ɗauka, sai kuma amsoshi huɗu ko biyar da za a zaɓi ɗaya daga ciki. Amma da irin waɗannan tambayoyi ake rarrabe wanda za a ba izinin duba marasa lafiya da wanda za a ce ya koma ya ƙara shiri. Kashin farko na jarrabawar PLAB, wadda hukumar kula da aikin likita ta Birtaniya ke yi wa likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje, tambayoyi 180 ne cikin awa uku, wato minti ɗaya ga kowace tambaya. A irin wannan yanayi ɗalibi ba shi da sukunin tsayawa yana laluben abin da marubucin tambaya yake nufi, kuma ga wanda makinsa ke dab da iyakar ci da faɗuwa, tambaya biyu ko uku masu aibi sun isa su juya masa sakamako. Illar tana iya zuwa ta kowane ɓangare: a kayar da wanda ya cancanta, ko a wuce da wanda bai kai ba, kuma idan na biyun ne ya faru, a kan marasa lafiya abin zai ƙare.

Shi ya sa manyan hukumomin jarrabawa, irin su NBME ta Amurka wadda aka kafa a 1915 kuma take cikin masu shirya jarrabawar lasisi ta USMLE, ba sa barin tambaya ta fito daga hannun mutum ɗaya ta zarce kai tsaye zuwa takardar jarrabawa. Marubucin tambaya ba ya ganin aibin tambayarsa, kuma ba ƙarancin ilimi ke jawo haka ba, sau da yawa ma yawan ilimin ne. Ya san amsar da yake so tun kafin ya rubuta labarin mara lafiyar, don haka in ya sake karanta abin da ya rubuta, sai saninsa ya cike masa giɓin da ya bari bai ankara ba. Likitan ƙoda da ya daɗe a fanninsa yana iya ɗaukar wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba a matsayin abin da ya wajaba kowane sabon likita ya sani, saboda shi a kullum ita ake turo masa. Akwai kuma kurakuran ƙira da aka daɗe da saninsu. Amsar da ke daidai takan fi sauran tsawo domin marubuci ya cika ta da sharuɗɗa, amsoshin ruɗi kuma sukan zo da kalmomi irin su "koyaushe" ko "har abada", waɗanda ɗalibi mai wayo ya san da wuya a same su a maganar likitanci ta gaskiya. Tambaya irin wannan dabarar zana jarrabawa take aunawa, ba sanin aikin likita ba.

Idan aka ce ƙwararru sun yi ittifaƙi a kan wata tambaya, ya kamata a bincika a kan me suka yi ittifaƙin, domin abubuwan da ake neman hukuncinsu a kai sun sha bamban da juna. Ana son a san ko abin da tambayar ke aunawa yana cikin abin da ake buƙatar likita ya sani a wannan mataki na karatunsa. Ana son a san ko amsar da aka ayyana ita ce mafi dacewa, kuma babu wata daga cikin sauran da za a iya kare ta da hujja mai ƙarfi kamarta. Ana duba lafazin ko ya fito fili, sannan ana ƙiyasta wahalar tambayar. Kwamiti yana iya amincewa baki ɗaya cewa tambaya tana da muhimmanci alhali amsar da aka sa mata kuskure ce, kawai saboda takardar da aka ba su ta cikewa ba ta tambaye su komai a kan amsar ba.

A ganina matakin da ya fi kowanne amfani shi ne wanda ya fi sauƙi, wato a ba kowane ɗan kwamiti tambayar ba tare da an nuna masa amsar marubuci ba, ya amsa ta shi kaɗai kamar ɗalibi, ya rubuta dalilinsa, tun kafin a zauna taro. Jagoran rubuta tambayoyi na NBME ya ƙara da wani gwaji mai kyau: a rufe amsoshin duka, a ga ko masani zai iya faɗin amsa daga labarin mara lafiya da jimlar tambayar kawai. In bai iya ba, akwai alamar tambayar ba ta mai da hankali a kan abu guda ba. To, a ce likitoci takwas sun amsa wata tambaya a keɓe, biyar suka zaɓi amsa ɗaya, uku suka zaɓi wata. A nan ba a cewa rinjaye ya yi halinsa a wuce gaba. Mutum uku da suka ƙware a fannin sun karanta labarin sun fahimci wani abu daban, kuma idan har su za su kauce, ɗalibi mai ƙwazo ma zai kauce ta hanya ɗaya. Aikin kwamiti shi ne ya gano dalilin rabuwar. Wataƙila labarin bai ambaci ko matar tana da juna biyu ba, alhali zaɓin magani ya dogara a kan haka. Wataƙila jimlar ta ce "mataki na gaba", sai wasu suka fahimci gwajin da zai tabbatar da cutar, wasu kuma suka fahimci abin da za a fara yi don ceto rai. Saɓanin nan shi ne abu mafi daraja da taron zai samar, domin shi ke nuna wurin da gyara yake.

Masana ilimin auna ƙwazo sun samar da hanyoyin mayar da hukuncin kwamiti zuwa lamba. A 1975 C. H. Lawshe ya gabatar da wani lissafi da har yanzu ake amfani da shi. Ana tambayar kowane masani ko abin da tambayar ke aunawa wajibi ne, ko mai amfani ne amma ba wajibi ba, ko kuwa ba a buƙatarsa. Sai a ɗauki yawan waɗanda suka ce wajibi ne, a cire rabin yawan kwamitin, a raba abin da ya rage da wannan rabin. A kwamitin mutum 10, idan 9 suka ce wajibi ne, sakamakon 0.8 ne, idan 8 ne, 0.6, idan kuwa 5 ne kawai, sifili. Jadawalin Lawshe ya sa mafi ƙarancin abin karɓa ga kwamitin mutum 10 a kan 0.62, ma'ana amincewar mutum 8 cikin 10 ba ta isa ba, duk da cewa a taro na yau da kullum za a kira wannan gagarumin rinjaye. A fannin aikin jinya Mary Lynn ta fitar da wani ma'auni a 1986 inda masana ke ba da maki daga 1 zuwa 4 a kan dacewar kowace tambaya, a ƙirga waɗanda suka ba da 3 ko 4. Idan masanan biyar ne ko ƙasa da haka, dole dukansu su yarda. Idan sun fi haka, akan nemi 0.78 ko sama, wato kamar mutum 7 cikin 9.

Dalilin wannan tsauri shi ne mutane suna iya dacewa da juna bisa sa'a kawai. A ɗauka masu bita biyu ne, kowannensu bisa ɗabi'arsa yana amincewa da kashi 90 cikin 100 na duk tambayoyin da aka kawo masa. Ko da ba su karanta tambayoyin ba, lissafi ya nuna hukuncinsu zai zo ɗaya a kashi 82 cikin 100. Idan aka ba da rahoton cewa sun dace a kashi 85, mai karatu zai ji kamar an yi abin kirki, alhali ɗan abin da suka ɗara sa'a da shi bai taka kara ya karya ba. Ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya gabatar a 1960, wanda Joseph Fleiss ya faɗaɗa a 1971 don ya ɗauki masu hukunci da yawa, an yi shi ne don cire wannan kason na sa'a. A misalin nan kappa ba za ta kai 0.2 ba.

Lambobin nan duka ba su da ƙima idan hukuncin da aka ƙirga bai fito daga kowane mutum da ƙashin kansa ba, kuma a nan ne tsarin taro yake da tasirin da ba a cika lura da shi ba. Aikin likita aiki ne mai matakan girma, kuma ana koyar da girmama na gaba tun daga ɗakin karatu har zuwa zagayen duba marasa lafiya. Idan farfesa ya fara magana ya ce amsar ita ce ta uku, ƙaramin likitan da ya ga matsala a tambayar zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki, sauran kuma su zama 'yan amshin shata. A rubuce za a ga kowa ya yarda, amma a zahiri ra'ayin mutum ɗaya ne aka ƙirga sau takwas. Don kauce wa irin haka ne Olaf Helmer da Norman Dalkey na cibiyar RAND a Amurka suka ƙirƙiro hanyar Delfi a shekarun 1950, da farko don hasashen al'amuran tsaro, kafin fannin lafiya ya ɗauke ta. A wannan hanya kowa yana ba da hukuncinsa a ɓoye, a tattara a taƙaita, a mayar wa kowa da taƙaitaccen sakamakon da dalilan da aka kawo ba tare da sunaye ba, sannan a sake zagaye. Mutum yana iya sauya ra'ayi ba tare da jin kunya ba, kuma hujja tana tafiya ba tare da muƙamin mai ita ba.

Sai dai ita ma hanyar Delfi tana da nata raunin. Idan aka ci gaba da maimaita zagaye, ra'ayoyi sukan matso kusa da juna ko da ba a kawo sabuwar hujja ba, domin wasu sun gaji, wasu ba sa son su ci gaba da zama saniyar ware, wasu kuma, musamman masu saɓani, sun daina amsa saƙo gaba ɗaya. Ittifaƙin da aka samu bayan masu ja sun janye ba shi da bambanci da kirga ƙuri'un ɓangare guda. Saboda haka ya zama dole a ƙayyade tun kafin a fara adadin zagayen da za a yi da kason da za a kira ittifaƙi, wanda nazarce-nazarce da yawa ke sawa tsakanin kashi 70 da 80 cikin 100, kuma a bayyana mutum nawa suka fara, mutum nawa suka kai ƙarshe. Haɗin kwamitin ma abin dubawa ne. Jarrabawar sababbin likitoci tana buƙatar manyan ƙwararrun fanni don tabbatar da ingancin amsa, amma tana buƙatar likitocin da ke duba kowace irin cuta da malaman da ke koyar da ɗaliban, domin su ne suka san abin da sabon likita zai tarar a watanninsa na farko.

Ko da an kiyaye duk waɗannan sharuɗɗa, akwai iyakar da ittifaƙi ba ya tsallakewa. Abin da yake tabbatarwa shi ne matsayar da masana suke kai a wannan lokaci, kuma matsayar tana sauyawa. Shekaru da yawa an yarda cewa damuwa da yawan sinadarin asid ne manyan musabbaban gyambon ciki. A farkon shekarun 1980 Robin Warren da Barry Marshall a Ostareliya suka nuna alaƙar cutar da ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, har Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984 don ya nuna tana haddasa kumburin bangon ciki. Sai a 1994 taron ittifaƙi na cibiyoyin binciken lafiya na Amurka ya ba da shawarar a riƙa ba masu gyambon da ke ɗauke da ƙwayar maganin kashe bakteriya, a 2005 kuma mutanen biyu suka sami lambar Nobel. A tsakanin waɗannan shekaru, kwamitin manyan likitoci zai iya amincewa baki ɗaya da amsar da yau ake ganinta kuskure. Haka nan allurar kwinin ta daɗe tana zama amsar tambayar maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, har aka yi babban gwaji a Asiya da aka wallafa a 2005, da wani a kan yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka tara da aka wallafa a 2010, inda mace-mace suka kasance kashi 8.5 cikin 100 ga waɗanda aka ba maganin atesunet, da kashi 10.9 ga waɗanda aka ba kwinin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da atesunet zaɓin farko, duk wata tsohuwar tambaya da ke ajiye da amsar kwinin kuma ta zama mai koyar da abin da aka bari.

Wani lokaci ma ba zamani ne ke raba masana ba, wuri ne. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sauko da iyakar hawan jini zuwa 130 bisa 80, alhali jagororin Turai na 2018 sun tsaya a kan 140 bisa 90. Tambayar da ta kawo mutum mai awon 134 bisa 84 ta nemi a faɗi ko yana da hawan jini tana da amsa biyu, kowace da hukuma a bayanta. Kwamiti mai lura zai yi ɗaya daga cikin biyu: ya ambaci jagoran da ake nufi a cikin tambayar, ko ya sauya lambobin zuwa inda babu saɓani, wanda shi ne ya fi, domin jarrabawar lasisi ba wurin warware gardamar masana ba ce.

Akwai masu ganin cewa idan rashin tabbas yana cikin ainihin aikin likita, bai kamata a kore shi daga jarrabawa kwata-kwata ba. Bernard Charlin da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada sun ɓullo da wani nau'in gwaji a wajajen ƙarshen shekarun 1990 inda ake ba ɗalibi labarin da bai cika ba, a ba shi wani zato, sannan a ƙara masa sabon bayani a tambaye shi ko bayanin ya ƙarfafa zaton ko ya raunana shi. Ba a ayyana amsa guda. Ana ba rukunin ƙwararru tambayoyin su amsa, sai a raba maki gwargwadon zaɓinsu. Idan cikin mutum 15, 10 suka zaɓi amsa ɗaya 5 suka zaɓi wata, ta farkon tana da cikakken maki, ta biyun rabi. Hikimar a fili take, amma suka ma tana nan: ba kowane saɓani ne ke nuna rashin tabbas a ilimin kansa ba, wani lokaci ɗan kwamiti kuskure kawai ya yi, kuma tsarin zai saka wa ɗalibin da ya yi irin kuskurensa.

Makin da za a ce an ci jarrabawa da shi, shi ma a hannun kwamiti yake. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda William Angoff ya bayyana a 1971. Ana roƙon kowane alƙali ya kawo a ransa ɗalibin da iliminsa ya isa da ƙyar, wanda ba gwani ba ne amma ba zai cutar da mara lafiya ba, ya ƙiyasta mutum nawa cikin 100 irinsa za su amsa kowace tambaya daidai. Idan alƙalai biyar suka ce 50, 60, 60, 60 da 70, matsakaicin tambayar 60 ne, kuma haɗa matsakaitan dukan tambayoyin shi ke ba da makin ci. Wahalar ita ce ƙwararru ba su cika iya ƙiyasta abin da zai ba ɗalibi wuya ba, domin sun yi nisa da lokacin da su ma abin yake ba su wuya. Don haka hukumomi da yawa suna nuna wa alƙalan yadda ɗalibai na gaskiya suka amsa wasu tambayoyin, sannan su ba su damar sake ƙiyasi.

Wannan ya kawo mu ga shaidar da ba ta fito daga bakin masana ba, wato amsoshin ɗaliban kansu. Manyan jarrabawa da yawa suna cusa sababbin tambayoyi na gwaji waɗanda ba a ƙirga makinsu, don a ga halinsu kafin a dogara da su. Bayan jarrabawa ana duba kaso nawa suka amsa kowace tambaya daidai, sannan a kwatanta rukunin da ya fi ƙoƙari da rukunin da ya fi rauni, bisa al'ada kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, kamar yadda Truman Kelley ya ba da shawara a 1939. Tambaya mai kyau ita ce wadda na sama suka fi na ƙasa samunta. Idan aka ga akasin haka, mafi yawan haziƙai sun taru a kan wata amsa da ba ita aka ayyana ba, to, akwai yiwuwar an yi kuskuren shigar da amsa, ko kuma haziƙan sun hango wani abu a labarin da kwamiti bai hango ba. Lambar ba ta yanke hukunci da kanta, domin tana iya yiwuwa ɗaliban ne suke da wata gurguwar fahimta da ta yaɗu a tsakaninsu. Tambayar tana komawa gaban ƙwararru kafin a fitar da sakamako, su yanke ko a bar ta, ko a karɓi amsa biyu, ko a cire ta daga lissafi.

Zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa wannan aiki nauyi ta fuska biyu. A farkon 2023 aka wallafa wani nazari da ya nuna manhajar ChatGPT ta kai ko ta kusa kai makin cin USMLE, wanda ke wajajen kashi 60 cikin 100, kuma ana ci gaba da auna sababbin manhajoji da tarin tambayoyin likitanci. Idan a cikin tarin akwai tambayoyin da amsarsu kuskure ce, ko waɗanda suka dogara da hoton da ba a haɗa da su ba, to, ana iya rage wa manhaja maki saboda ta faɗi gaskiya, a kuma ƙara wa wata saboda ta haddace kuskure. A ɗaya ɓangaren, malamai sun fara amfani da manhajojin wajen rubuta daftarin tambayoyi, kuma suna fitar da su da yawa cikin lafazi mai santsi. Santsin ne abin tsoro, domin mai bita yakan sassauta wa rubutun da ya yi kyau a ido, alhali adadin maganin da aka ambata a ciki ko sakamakon gwajin jinin na iya saɓa wa juna. Yanzu rubuta tambaya ya yi sauƙi, amma lokacin ƙwararrun da za su zauna su amsa ta a keɓe bai ƙaru ba.

Saboda waɗannan dalilai ne rumbun tambayoyi mai tsari yake buƙatar ajiye tarihin kowace tambaya tare da ita: wanda ya rubuta ta, waɗanda suka yi bitarta da yadda kowannensu ya amsa kafin a tattauna, bugun jagoran magani da amsar ta dogara da shi, alƙaluman duk lokacin da aka yi amfani da ita, da ranar da za a sake dubanta. Ya dace a ajiye har da hujjar wanda bai yarda ba, ko da shi kaɗai ne a kwamitin. Ranar da wata hukuma ta sauya shawararta a kan wani magani, da wannan tarihi ne za a iya zaƙulo duk tambayoyin da sauyin ya shafa, a dakatar da su, a mayar da su gaban kwamiti kafin zaman jarrabawa na gaba.